Ra'ayi: Mun Yaƙi Fargabarmu Mun Dawo Fili, Ku Kun Kasa Hana Jifa

Duk sanda aka yi rikici a filin ƙwallo a ƙasar nan, lissafi iri ɗaya ake bugawa. A watan Oktoban 2025 Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo ana dab da tashi a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, sai wasu masu kiran kansu magoya bayan Kano Pillars suka tsallaka cikin fili suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Hukumar gasar Firimiya ta Najeriya ta fito da takardar hukunci: tarar naira miliyan 9.5, an zabtare maki uku da ƙwallaye uku, an garƙame filin, an ce ƙungiyar ta koma Katsina da wasanninta na gida. Aka kwana aka wuni ana ta maganar maki ukun nan a gidajen rediyo da teburan mai shayi. To, akwai asarar da ba ta shiga takardar ba, kuma ita ce ta fi ci mini rai. Akwai mutanen da suka kalli hotunan wannan yamma a wayoyinsu suka ce a ransu, shi ke nan, ni da fili har abada. Akwai kuma wasu da suka sha wuya shekara da shekaru kafin su iya sake taka ƙofar fili, aka zo cikin 'yan mintoci aka rushe musu abin da suka gina.

Ina cikin kashi na biyun nan, shi ya sa ba zan yi maganar a sanyaye ba.

Da Pillars na tashi. An kafa ta a 1990 daga haɗakar WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, kuma tun tana jaririya muke bin ta. Ina cikin waɗanda muryarsu ta dushe a 2008 da aka ɗauki kofin gasa na farko. Ina nan a 2009 da aka fitar da Al Ahly ta Masar, aka kutsa har wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Afirka kafin Heartland ta Owerri ta tare hanya. Na ga Ahmed Musa yana ɗan siririn yaro yana zura ƙwallo 18 a kaka guda. Amma kofunan 2012 da 2013 da 2014, uku a jere, lokacin da kirarin Sai Masu Gida ya zama gaskiya tsagwaronta a duk faɗin Najeriya, a rediyo na ji su, ina zaune a ɗaki, ƙofa a rufe. Shekarun da kowane ɗan Pillars yake tinƙaho da su, ni an ƙwace mini su.

A wata ƙofa abin ya soma, a wani wasan waje da muka bi ƙungiya. An buɗe ɓari ɗaya na ƙofar an bar ɗayan a kulle, na baya suna turowa don sun ji an busa usur a ciki, na gaba ba su da inda za su sa ƙafa. Na ji ƙafafuna sun bar ƙasa, ƙirjina ya manne da bayan wani bawan Allah, na nemi iska na rasa. Ba wanda ya mutu ranar, aka shiga aka kalli wasa, aka dawo gida ana raha a mota. Bayan wasu makonni ne, ina tsaye a layin sayen tikiti ba tare da kowa ya taɓa ni ba, zuciyata ta soma dukan uku-uku, zufa ta keto, hannuwana suka yi sanyi, wuya ya shaƙe, na tabbata a raina cewa ajali ne ya zo. Na fice daga layi na zauna a gindin katanga har ya lafa. Daga nan sai ya riƙa dawowa: a kasuwa, a cikin cunkoson motoci, a sahun tsakiya ranar Juma'a. Sannan ga halin da Arewa ta shiga. Hare-haren 20 ga Janairun 2012 sun kashe mutum sama da 180 a Kano. A watan Yunin 2014 bam ya tashi a wurin ƙwallo a Mubi, wani ya tashi a gidan kallo a Damaturu ana tsaka da gasar cin kofin duniya. A 28 ga Nuwamban 2014 aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na Kano. Mai lafiya ma ya riƙa waige-waige a cikin taro, balle wanda dama zuciyarsa a tsaye take.

Bari in fara da waɗanda suka fi kusa, don su ne suka fara ɓata mini rai. Da mutum ya buɗe baki ya ce taro yana firgita shi, amsar da zai samu a majalisa sananniya ce. "Haba Malam, kamar ba namiji ba?" "Kai dai ka cika tsoro." Mai tausayi a cikinsu shi ne zai sassauta murya ya ce, "Yaya, ko dai a nemo mai ruƙiyya?" Wani kuma ya ɗora maka raunin imani, alhali bai san yawan daren da ka raya kana roƙon Allah ya yaye maka ba. Ban taɓa barin addu'a ba, kuma ba zan bari ba. Amma neman magani ma umarni ne, kuma wannan ciwo ne da likitoci suka sani sarai, suka rubuta alamominsa, suka san hanyar warkar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da cututtukan fargaba a duniya, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. A nan gida, ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba ta da likitocin ƙwaƙwalwa da suka wuce 'yan ɗaruruwa, sannan sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ga ƙarancin likita, ga kunyar a gan ka a hanyar asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware a ce ka taɓu. Kowace dariyar da kuka yi wa mai fargaba a majalisa, ƙara masa shekara kuka yi a cikin ɗaki. Na san magidanta da suka daina zuwa ɗaurin aure da jana'iza saboda wannan ciwo, dangi suna zaginsu da girman kai, su kuma sun gwammace zagin da a kira su ragwaye.

Da na daure na je wurin likita, abin da ya gaya mini ya sauya mini tunani. Ya ce jiki yana da ƙararrawar haɗari. Idan ta kaɗa, sai ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu don ta kai jini ga ƙafafu, numfashi ya yi sauri, shi kuma saurin numfashin ne ke kawo jiri da tsikarin yatsu. Duk wannan shirin gudu ne, ba alamar mutuwa ba. Yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, sannan ya sauka da kansa ko ka gudu ko ka tsaya. Matsalar ita ce duk ranar da ka gudu, ƙwaƙwalwa sai ta rubuta cewa gudun ne ya cece ka, gobe ta kaɗa ƙararrawar tun kana nesa. Ya ce, "Malam, ba za mu iya kashe ƙararrawar ba, kuma ba ma so mu kashe ta. Koya mata za mu yi ta daina kaɗawa a banza." Hanyar kuwa ita ce ka tunkari abin da kake tsoro kaɗan-kaɗan, ka tsaya har firgicin ya zo ya wuce kana wurin, don jiki ya gani da kansa cewa babu abin da ya faru.

Haka na bi. Na fara da wasan yara a filin unguwa, inda babu katanga babu ƙofa. Na koma zuwa kallon atisaye. Na riƙa zuwa bakin babban fili ranar da babu wasa in tsaya in dawo. Daga baya na shiga wasan da na san ba za a cika ba, na zauna kusa da matakala, da aboki ɗaya da ya san halin da nake ciki, na fita kafin a tashi. An sha komawa baya. Akwai ranar da na kai bakin ƙofa na juya, na hau a-daidaita-sahu ina hawaye don takaici. Amma sannu a hankali ranar ta zo da na zauna minti casa'in cif a cikin dubban mutane, aka ci ƙwallo na miƙe na yi ihu tare da kowa, ban tuna da ƙirjina ba sai da na isa gida. Wanda bai taɓa rasa wannan ba ba zai san darajarsa ba.

Yanzu ga inda maganar take. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk aikin likita shi ne ya riƙe hannunka ya kai ka ka taɓa, ka tabbatar tsumma ne. Maganin gaba ɗaya ya dogara ne a kan sharaɗi guda: cewa in ka tsaya, abin da kake tsoro ba zai faru ba. To, yaya ke nan idan wurin da ake kai ka ka taɓa tsumman har yau da macijin a ciki? Me likita zai ce wa mutumin da ya bi duk matakan nan, ya shawo kan zuciyarsa, ya zauna a kujerarsa, sai ya ga duwatsu suna shawagi a kansa, matasa suna haura shinge, jama'a sun yo kan ƙofa guda a guje? Wannan mutumin ƙararrawarsa ba ƙarya ta yi ba ranar. An tabbatar mata da duk abin da ta daɗe tana raya masa. Masu jifa sun ɗauka alƙalin wasa kawai suka fasa wa kai. Sun mayar da marasa lafiya ɗaki, sun kori dattawa, sun ba kowane uba hujjar hana ɗansa zuwa.

Kuma kada wani ya ce mini tsautsayi ne na rana ɗaya. A watan Yunin 2019, a filin Agege da ke Legas, an tashi wasa da Enugu Rangers aka kutsa fili aka bi alƙalin wasa, aka ci Pillars tarar naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. A watan Afrilun 2022, bayan dogon zaman haya a Kaduna, ƙungiya ta dawo gida, a wasan Katsina United aka tayar da tarzoma aka farfasa motar baƙi, maƙwabtanmu, 'yan'uwanmu na jini da addini. Aka ci tarar naira miliyan 9, aka mayar da wasanni Abuja, a ƙarshen wannan kaka kuma ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasa sau huɗu ta faɗa ƙaramar gasa. Ka ce wannan ya isa darasi. Sai ga 2025. Ba Kano kaɗai ba ce, na sani. A 29 ga Maris na 2022 da Ghana ta hana Najeriya zuwa gasar cin kofin duniya, 'yan kallo sun yi kaca-kaca da filin Moshood Abiola na Abuja, har FIFA ta ci ƙasar tara. Amma ni ɗan Pillars ne, gidana nake wa faɗa, kuma laifin wani ba ya wanke namu.

Na san abin da za a ce: alƙalan wasa ne ke jawowa. Ban musa ba cewa akwai alƙalanci mai tayar da hankali a gasar nan, na ga bugun fenareti da ko makaho ba zai bayar ba, na ga ƙarin lokacin da ba ya ƙarewa sai masu gida sun ci. Wanda ya ce duk ƙorafin magoya baya ƙarya ne bai san gasar ba. Amma a gaya mini sau ɗaya da dutse ya sauya sakamako. A gaya mini makin da aka taɓa dawo wa ƙungiya da shi saboda an fasa gilashin mota. Kullum akasin haka ake gani: an tashi kunnen doki da maki ɗaya a hannu, masu jifa sun mayar da shi asarar uku. Wanda ya yi wa ƙungiyarsa haka ba masoyinta ba ne. Da yawansu ma ba kallo ya kawo su ba. An sha ƙwaya an shigo, ana jiran hargitsi ya tashi a ƙwace wayoyi. Kowa ya san su, an san unguwanninsu, an san wanda ke shigar da su kyauta don su yi wa baƙi barazana. Ranar da suka tsorata alƙalin wasa aka ci, 'ya'yan gida ne. Ranar da suka jawo tara, sai a ce wasu ɓata-gari ne da ba a san daga inda suka fito ba.

Su kuma masu riƙe da filaye da masu tsaro, nasu laifin ya fi girma, don su aka ba amana kuma su ake biya. Mai fargaba ya fi kowa sanin fili, domin idonsa ba ya barin ƙofa. Mu ne muke lura da cewa fili mai ƙofofi da yawa an buɗe ɗaya ko biyu don a sauƙaƙa wa masu karɓar kuɗi. Mu ne muke ganin kwaɗo a jikin ƙofar fita ana tsaka da wasa, mai makullin kuma ya tafi kallo. Mu ne muke ganin an ci gaba da shigar da mutane bayan kujeru sun cika, har an zauna a kan matakalar da za a bi in an tashi gudu. Lasifika in akwai ta, kiɗa take yi da kirarin manyan baƙi, ba wanda zai ɗauka ya gaya wa jama'a ta ina za su fita. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Su ne ainihin abubuwan da ke kashe mutane a filayen ƙwallo, kuma tarihin a rubuce yake da jini.

A 9 ga Mayun 2001, a filin wasa na Accra, Hearts of Oak ta ci Asante Kotoko ana dab da tashi, magoya baya suka soma jifa da kujeru, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, jama'a suka ruga suka tarar da ƙofofi a kulle. Mutum 126 suka rasu, da yawansu Musulmi ne 'yan unguwannin zango irin su Nima. A dubi jerin nan da kyau: ƙwallon ƙarshen lokaci, jifa, hayaƙi, ƙofa a kulle. Wanne ne a ciki baƙo a filayenmu? A 24 ga Janairun 2022 mutum 8 suka mutu a ƙofar filin Olembe na Yawunde, a wasan Kamaru da Komoros, ba tare da an yi faɗa da kowa ba, cunkoso ne kawai a ƙofar da aka rufe. A Oktoban 2022 hayaƙin 'yan sanda ya jawo mutuwar mutum 135 a filin Kanjuruhan na Indonesiya. A 1 ga Disamban 2024, a garin Nzerekore na Gini, gardama kan hukuncin alƙalin wasa ta ƙare da gawa 56 a lissafin gwamnati. Mu ma nan an taɓa yi: a 1979 mutum 24 suka mutu a turmutsutsu a babban filin wasa na Legas bayan wasan Bendel Insurance da IICC Shooting Stars. Dokar FIFA ta tsaron filaye ta faɗa ƙarara cewa jami'an da ke bakin fili kada su riƙe bindiga ko hayaƙin tarwatsa taro, balle su yi amfani da su. Duk da haka, a wurinmu da an ji hayaniya abin da hannu ke fara kaiwa gare shi ke nan.

Mutane suna ɗauka a turmutsutsu tattake mutum ake yi. Galibi ba haka ba ne. A tsaye ake mutuwa. Idan mutum shida ko bakwai suka matsu a wurin da bai wuce mita ɗaya tsawo da faɗi ba, ba wanda ke da iko da ƙafafunsa, kuma duk numfashin da ka fitar ƙirjinka ba zai sami sararin sake buɗewa ya jawo wani ba. Na ɗanɗani farkon wannan da jikina. Saboda haka idan na tsaya a fili ina ƙirga ƙofofi, kada wanda ya ce mini ciwona ne ya motsa. A wannan gaɓar ni ne mai hankali, wanda ya sa kwaɗon shi ne ya kamata a bincika.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne mun san yadda ake yi. Filin Ƙofar Mata ɗin nan ya karɓi gasar matasa ta duniya a 1999, ya karɓi gasar cin kofin Afirka a 2000, ya karɓi gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya a 2009. Da baƙi za su zo da masu duba aiki daga waje, an iya tsara shiga da fita, an iya bincike a ƙofa, an iya ajiye likitoci. Wato ran ɗan ƙasa ne bai kai a yi masa wannan wahalar ba. Ingila da muke cika gidajen kallo saboda ita ba daga sama ta samu natsuwar filayenta ba. A 15 ga Afrilun 1989 aka matse magoya bayan Liverpool a filin Hillsborough, mutum 97 suka rasa rayukansu sanadiyyar haka. Rahoton binciken Taylor na 1990 ya sa aka cire shingayen da ke kulle 'yan kallo, aka mayar da manyan filaye na zama zalla, kuma fili ba ya karɓar wasa sai da takardar shaidar tsaro da ta ƙayyade yawan mutanen da zai ɗauka. Mai tayar da fitina kuwa kotu ce ke haramta masa shiga fili na shekaru, shi da sunansa da fuskarsa. Iyalan mamatan sun yi ta fafutuka har 2016 kafin a tabbatar a hukumance cewa ba laifin 'yan kallo ba ne. Yau har ɗaki na musamman wasu filaye ke warewa ga waɗanda hayaniya ke rikita su, an ma yi haka a gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022. Ni ban kai ga roƙon ɗaki ba. Ƙofa nake roƙo a buɗe.

A dubi kuma wanda hukuncinmu ke faɗa wa. Pillars ta gwamnatin jihar Kano ce, don haka miliyoyin tarar nan daga aljihun jama'a suke fita, har da na matar da ba ta taɓa sanin inda filin yake ba. Kulle fili kuwa mai sayar da ruwa da mai tsire da mai rake da ɗan a-daidaita yake hukuntawa, da dubban mutanen da suka zauna lafiya a kujerunsu ba su ɗaga ko tsinke ba. Wanda ya yi jifan fa? Takardun hukunci sukan umarci ƙungiya ta zaƙulo masu laifi ta gurfanar da su. Da ana yin haka da gaske, da abin da ya faru a 2019 bai maimaitu a 2022 ba, balle a sake a 2025. A zamanin da kowane hannu ke riƙe da waya, fuskokin nan suna yawo a Facebook da TikTok tun kafin magariba. Rashin niyya ne, ba rashin shaida ba.

Ɗan ƙanwata, yaro ne mai son Pillars kamar ransa, ya san sunan kowane ɗan wasa, ya taɓa tambayata, "Kawu, yaushe za ka kai ni in ga Rabi'u Ali Pele da idona?" Na ce masa sai an ga hali. Ina jin kunyar amsar nan har yau, kuma ba ni ya kamata in ji ta ba. Garin da ake alfahari da shi cewa filinsa na cikin waɗanda suka fi cika a Najeriya, a ce magidanci ba zai iya riƙo hannun yaro ya kai shi kallo da kwanciyar hankali ba. Mata kuwa ba a ma sa su a lissafi. Sannan a dawo ana kukan cewa yaran yanzu ba su san kowa ba sai Barcelona da Arsenal. Wa ya kore su?

Ga 'yan'uwana masu irin ciwona, ba zan ce muku ku zauna a gida ba, don na san abin da zaman yake ci. Yana farawa da fili, ya ci kasuwa, ya ci masallaci, ya ci zumunci. Ku je asibiti, ku faɗi abin da ke damunku da bakinku, ba hauka ba ne. Ku guji ƙwayar da wani zai miƙo muku a kemis wai ta kwantar da hankali, sai wadda likita ya rubuta. Ku fara daga ƙaramin taro. In za ku babban wasa ku je da wuri kafin ƙofa ta cushe, ku zauna gefen hanya, ku tafi da wanda ya san sirrinku, in abin ya taso ku ja numfashi a hankali ku fitar da shi a hankali fiye da yadda kuka ja, ku ba shi mintocinsa ya wuce. In kuma kun ga take-taken rikici na gaske, ku tashi ku fita tun da sauran sarari, wannan ba komawa baya ba ne. Namu ɓangaren ke nan, muna yi, kuma yana da wuya fiye da yadda masu dariya suke zato.

Saura naku, shugabannin ƙungiya da hukumar gasa da hukumar wasanni ta jiha da rundunar 'yan sanda. Ba na son wata takardar ban-haƙuri, mun karanta isassu. Ku daina sayar da tikitin da ya wuce yawan kujeru. Ku daina shigar da 'yan daba ta ƙofar baya. Ku bar barkonon tsohuwa a bariki. Ku horar da masu kula da 'yan kallo waɗanda za su juya wa wasa baya su fuskanci jama'a. Ku kai masu jifa kotu ɗaya bayan ɗaya, ku liƙa hotunansu a kowace ƙofa. Kuma kafin kowane wasan gida, wani mai suna da muƙami ya fito a rediyo ya gaya mana ƙofa nawa za a buɗe, da ƙarfe nawa, kuma wa ke riƙe da makullin ƙofofin fita daga busa usur na farko har mutum na ƙarshe ya fice, domin in wani abu ya faru mu san wanda za mu tsayar a gaban alƙali.